Yadda Aikin Unguwa Yake Shiga Tsarin Asambili Har Ya Zama Gini

Salam 'yan uwa. Maganar nan ta mutanen Aboabo, Sawaba, Asawase, Akorem da sauran zangunanmu na Kumasi ce, amma na Nima da Madina ma in sun karanta za su ga dokar duk ɗaya ce. Kullum kukanmu iri ɗaya: an yi alkawarin gota ba a yi ba, an aza harsashin makaranta an gudu, an share filin kasuwa ciyawa ta dawo ta cinye. Sai mu kira rediyo, mu zagi asambili man, wato wakilin unguwarmu a asambili, majalisar ƙaramar hukuma, a wurin shan ataya, mu zauna jiran zaɓe. Toh abun da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne babban aiki irin gota ko ginin aji shida ko ƙaramin asibitin unguwa ba ya fitowa daga bakin kowa, ko da MCE ne, shugaban asambili, da kansa ya tsaya ƙofar masallaci ranar Juma'a ya rantse. Takarda ce ke haifar da shi, kuma takardar tana da lokacinta tana da ƙofar da ake bi. In aiki bai shiga tsarin shekara huɗu na asambili ba, bai shiga bajet na shekara ba, babu akantan da zai sa hannu a fitar da ko pesewa ɗaya. Dan haka bari mu bi abun daki daki.

Da farko ka san gidan da za ka ƙwanƙwasa

Ghana tana da asambili 261, kuma dokar da ke tafiyar da su ita ce ta 2016, lamba 936. Kumasi da can duk KMA ce, wato asambilin birnin Kumasi, amma a 2012 aka yanke Asokore Mampong ta zama asambili mai cin gashin kanta, Aboabo da Sawaba da Asawase duk suka faɗa ƙarƙashinta, sannan a 2018 aka ƙara yanke Oforikrom, Kwadaso, Old Tafo, Asokwa da Suame. Har yau akwai dattawa masu rubuta wasiƙa su kai KMA kan gotar da ba ta cikin iyakar KMA, kaga wannan wasiƙar ta mutu tun a get.

Sannan ba kowane aiki ba ne na asambili. Manyan titunan cikin gari akwai sashen titunan birni da ke kula da su, manyan magudanan ruwa irin wanda ke bin rafin Aboabo sun fi ƙarfin aljihun asambili, akwai hukumar ƙasa mai kula da su, famfo na Ghana Water ne, wuta ta ECG ce, wasu gine-ginen makarantu kuma kuɗin GETFund ne, asusun ilimi na ƙasa. Amma ko aikin ba nata ba ne yana da kyau ya fito a cikin tsarinta, saboda da wannan takardar ce take zuwa ta roƙi na sama.

A cikin gidan kuma mutanen da za ka sani ba su da yawa. Akwai MCE, shugaban ƙasa ne ke kawo sunansa, sai kashi biyu cikin uku na membobin da suka halarta suka jefa ƙuri'a sun amince. Akwai PM mai jagorantar zaman majalisa. Akwai Kodinetin Darakta, shi ne babban ma'aikacin gwamnati a wurin. Amma wallahi wanda ya fi muku amfani a wannan harkar shi ne jami'in tsare-tsare, sai na bajet, sai injiniyan sashen ayyuka. Su ba sa fita a fosta, ba sa zuwa suna da biki, amma a kwamfutarsu aikinku zai rayu ko ya mutu. Ku je ku gaishe su cikin mutunci, ku tambaya, yawanci za su yi muku bayani.

Takardu huɗu da aikin zai ratsa

Ta farko ita ce uwar: tsarin ci gaba na shekara huɗu. Hukumar tsare-tsare ta ƙasa, NDPC, ita ke fitar da ƙa'idar yadda za a rubuta, kowace asambili ta rubuta nata. An yi na 2018 zuwa 2021, an yi na 2022 zuwa 2025, sai na 2026 zuwa 2029. A ciki ake jera matsalolin yanki, a fifita su, a faɗi aikin da za a yi, a ina, wace shekara, nawa zai ci, kuma daga wane aljihu.

Daga cikinta ake tsamo tsarin aikin shekara ɗaya, ta biyu kenan. Daga shi a ɗora bajet na haɗaka wanda ya ƙunshi duk sassan asambili, ta uku. Ta huɗu ita ce tsarin sayayya da kwangila, wanda doka ta ce a gama shi wata ɗaya kafin shekarar kuɗi ta ƙare. Shekarar kuɗi a nan Janairu zuwa Disamba ce, ma'aikatar kuɗi tana fitar da ƙa'idar bajet wajen tsakiyar shekara, majalisar asambili kuma galibi wajajen Oktoba take amincewa da nata. Ma'ana in kun taso a watan Maris kuna cewa a yi muku gota kafin damina, kun makara da wata shida ko fiye. Lokacin motsi shi ne Yuni zuwa Satumba na shekarar da ta gabata.

Abun farko da za ku yi a aikace: ku nemi kwafin tsarin shekara huɗun da bajet na bana. Ba sirri ba ne, ma'aikatar kuɗi tana sa bajet na asambili asambili a shafinta na intanet, in kuma aka ja muku rai akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2019, lamba 989, wadda ta ba jami'in bayani kwana 14 ya ba da amsa. Ku sa yaro ɗaya mai ilimin boko da haƙuri ya zauna ya nemo sunan unguwarku a ciki. Wani lokacin za ku tarar aikin yana nan tun tuni an rubuta, turawa kawai ya rasa.

Ku gama rigimarku a gida kafin ku fita

Nan ne muke faɗuwa. Samari suna son filin ƙwallo mai ciyawar roba, mata suna son rumfunan kasuwa da famfo, malamai suna son a ƙara ajujuwa a makarantar Islamiyya, masu gidajen bakin rafi suna son gota, kowa ya rubuta tasa wasiƙar ya bi ta hannun ɗan siyasar da ya sani. Jami'in tsare-tsare ya ga wasiƙa bakwai daga unguwa ɗaya kowacce tana cewa ita ce ta gaggawa, me kake so ya yi? Sai ya ajiye duka ya ɗauki ta unguwar da ta zo da magana ɗaya.

Dan haka a kira taro na gaske. Sarkin Zango ko wakilinsa, sarakunan ƙabilu saboda zango ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Mosi da Dagomba da Wangara da Fulani da Kotokoli da sauransu, limamai, fasto in akwai coci a layin, magajiya da shugabannin matan kasuwa, samari, masu buƙata ta musamman, asambili man da 'yan yunit kwamiti guda biyar ɗin nan da muka zaɓa muka manta da su. Shawarata mata su fara zama su kaɗai su fitar da nasu jerin kafin babban taro, dan in Alhazai suna zaune Hajiya ba za ta ce matsalarta ban ɗaki ba ce, alhali ita ce ke fita da yara da asuba neman inda za su zaga. A rubuta sunan duk wanda ya zo da sa hannu ko dangwale, a rubuta abun da aka tattauna. Wannan takardar halarta ita ce ke bambanta buƙatar unguwa da son ran mutum ɗaya.

Sai hujja. Kar ku rubuta "muna shan wahala ƙwarai", kowa yana sha. Ku ƙirga gidajen da ruwa ke shiga, ku auna tsawon gotar da tef, ku ɗauki hotuna ranar ruwa da kwanan wata, ku nemi rahoton NADMO, hukumar agajin gaggawa, in sun taɓa zuwa, ku tambayi hedimasta yara nawa ne a aji ɗaya. Adireshin dijital na wurin ma ku sa.

Yadda ake fifita wani aiki kan wani

Wannan shi ne zuciyar maganar, dan kuɗi ba ya taɓa isa. Kowace asambili tana da buƙatun da sun ninka abun da ke hannunta sau da yawa, dole a zaɓa, kuma in ba ku zaɓa da kanku ba wani zai zaɓar muku.

Hanya mafi sauƙi a taron unguwa ita ce gwama biyu biyu. A ce ayyuka huɗu ne: gota, ajujuwa, rumfunan kasuwa, filin ƙwallo. Sai a tambayi jama'a, gota ko ajujuwa, in ɗaya kawai za a yi wanne? A ɗaga hannu a rubuta. Gota ko kasuwa? Gota ko fili? Ajujuwa ko kasuwa? Haka har a gama gwami shida, wanda ya fi cin nasara shi ne na ɗaya. Amfanin wannan shi ne ba wanda zai iya cewa "duka muna so", dole ya saki ɗaya.

A ofis kuma maki suke bayarwa, kuma tambayoyin da ƙa'idar NDPC ke son a yi ba su wuce irin waɗannan ba: matsalar ta kai yaya tsanani, mutum nawa ta shafa, ta taɓa buƙatun rayuwa na dole kamar lafiya da ruwa da karatu, aikin zai buɗe hanyar samun kuɗi da aikin yi, zai taimaki mata da yara da masu rauni, ba zai ɓata muhalli ba, kuma ya dace da manufar ƙasa. Ku ma ku yi irin nasu tun a gida, kowace tambaya ku ba kowane aiki maki daga sifili zuwa uku, ku tara. In kun shiga da takarda mai irin harshensu kun rage musu aiki, kuma ma'aikaci yana son wanda ya rage masa aiki.

Amma akwai tambayoyi uku da ni a ganina sun fi makin nauyi, kuma ba kasafai ake yinsu a taro ba.

Ta farko, wane aiki ne sai an yi shi sauran za su tsaya? In ka zuba kwalta a layin da ba gota, damina biyu ta kwashe. In ka gina aji a kwari ba ka gyara hanyar ruwa ba, ka gina tafki mai rufi. Gota ba ta da kyan hoto, ba wanda ke yanka ribon a kanta da kiɗa, shi yasa 'yan siyasa suka fi son fili mai fitilu da fenti, amma a unguwa irin tamu da gidaje suka cushe ruwa ba shi da hanya, ita ce ta farko. Ban ce samari kar su samu filin ƙwallo ba fa, na ce a jera.

Ta biyu, bayan an gama wa zai riƙe? Gini ba ya ƙarewa ranar buɗewa. Asibitin unguwa yana son nas da magani da wuta, kuma nas ba asambili ke ɗaukarta ba, hukumar lafiya ce ke turowa, dan haka tun kafin a haƙa rami a ji ta bakin daraktan lafiya na yankin. Makaranta tana son malamai da benci, a ji ta bakin ofishin ilimi, in ta Islamiyya ce a haɗa da sashen ilimin Musulunci. Bohol mai inji yana son kuɗin wuta da gyara. Ban ɗakin jama'a yana son mai kwashewa, kuma kowa ya san rigimar da ake yi kan wa zai riƙe shi duk lokacin da gwamnati ta canja. In ba a amsa wannan ba aikin bai nuna ba tukuna.

Ta uku, akwai wanda aka fara ba a gama ba? Wani mai bincike, Martin Williams, ya duba ƙananan ayyuka sama da 14,000 a gundumomin Ghana, ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka fara ba a taɓa gama su ba, kuma sun lashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da asambili ke zubawa a gine-gine. Abun mamakin shi ne bai ɗora laifin kacokan kan sata ba. Abun da ya gani shi ne kowane memba yana son a fara wani abu a yankinsa, sai a yayyanka kuɗin a fara goma maimakon a gama huɗu, badi kuma a sake sabon rabo a manta da na bara. Mu a Kumasi ba sai an ba mu labari ba, kasuwar Krofrom ta yi shekaru fiye da goma tana tsaye, ginin masu haihuwa na asibitin Komfo Anokye da aka fara tun 1976 sai da ya tsufa a tsaye har aka ce a rushe shi. Kundin tsarin mulki na 1992 ma, sashe na 35, ya ce gwargwadon iko gwamnati ta ci gaba da ayyukan da ta gada. Toh da muguwar rawa gara ƙin tashi. In akwai ginin aji da ya kai linta aka bari a unguwarku, ku sa kammala shi a sama da sabon aiki, ya fi arha, ya fi sauri, kuma ya fi wuya a ƙi.

In aikin ya yi girma, ku yanka shi gida gida, amma kowane yanki ya zama mai amfani shi kaɗai. Gota daga ƙasa ake farawa, inda ruwan zai fita, a hauro sama. In aka fara daga sama kuɗi ya ƙare a tsakiya, an tattaro ruwan unguwa duka an juye wa mutanen ƙasa.

Fili

Gajeriyar magana amma tana kashe ayyuka da yawa. Asambili ba ta son aikin da ba fili, ko filin da ke da rigima. Yawancin ƙasar Kumasi ta sarauta ce, mu baƙi ne da aka ba masauki tun kakanni, dan haka sai an bi ta wurin sarkin da ke da ƙasar, a samu takardar bayarwa da zanen fili, a duba da sashen tsara gari cewa wurin ba hanyar ruwa ko titi ba ne a taswira. In Alhaji ya ce ya ba da filinsa sadaka, Allah ya saka, amma a rubuta, 'ya'yansa su sa hannu tun yana raye. In gota za ta ci katangar wani ko shagon wani, a zauna da shi yanzu, ba ranar da katafila ta iso ba.

Daga ina kuɗin zai fito

Ku sani dan ku san ƙofar da ta dace da aikinku. Akwai Kwaman Fand, asusun bai ɗaya na asambili duka, wanda sashe na 252 na kundin tsarin mulki ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a raba wa asambili duk wata uku, majalisar dokoki ce ke amincewa da yadda za a raba duk shekara. Matsalarsa sananniya ce, yana makara, wani lokacin kuma a yanki wani abu tun daga Akra kafin ya iso. Akwai kuɗin da asambili ke tarawa da kanta, IGF: harajin gidaje, lasisin shago, tikitin kasuwa da na tasha, kuɗin izinin gini. Ƙa'ida tana son a sa aƙalla kashi 20 na wannan a ayyukan da ido zai gani, sauran yakan tafi a mai da takardu da alawus. Akwai wani tallafi da ake bayarwa gwargwadon makin da asambili ta ci a jarrabawar aiki da ake mata, DPAT, kuma cikin abun da ake dubawa har da ko ta zauna da jama'a, kaga zuwanku taro ma yana da amfani gare su. Akwai kason ɗan majalisar dokoki, wanda bai kai yadda mutane ke zato ba, ya fi dacewa da ƙaramin aiki ko cike giɓi. Akwai Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, lamba 964. Sai masu ba da tallafi na waje, kamar shirin GARID na Bankin Duniya da ke aikin ambaliya a kwarin Odaw a Akra, har da Nima a ciki.

Abu ɗaya da ba ma son ji: in unguwa ba ta biyan harajin gida, bakinta yana da rauni a ɗakin bajet. Ku je da rasit ɗinku. Kuma duk shekara akwai zaman da ake yanke farashin tikiti da lasisi, ana gayyatar 'yan kasuwa, a nan ne za ku ce mun yarda da ƙarin amma ku nuna mana abun da na bara ya yi.

Gudummawar unguwa ma tana ɗaga aiki sama. In kun ce mu za mu kawo yashi da leburori ko mun tara kaza a masallatai, akwai kason da ake warewa na ayyukan taimakon kai da kai, siminti da kwanon rufi sukan fito ta nan.

Shigar da takardar da bin ta

Wasiƙa shafi ɗaya ko biyu ta isa: matsalar, hujja, aikin da kuke so, matsayin fili, abun da ku za ku kawo, wa zai kula bayan an gama. A rubuta zuwa ga MCE ta hannun Kodinetin Darakta, kwafi ga PM, jami'in tsare-tsare, asambili man, majalisar shiyya da ɗan majalisa. Ku kai rajistiri a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Kar ku miƙa wa wani babba a wurin jana'iza ya sa a aljihun babbar riga, ta tafi kenan.

Daga nan takardar za ta bi ƙaramin kwamiti, na tsare-tsare ko na ayyuka, na kuɗi ya duba aljihu, ta je kwamitin zartarwa da MCE ke shugabanta, sannan babban zaman majalisa wanda doka ta ce a yi aƙalla sau uku a shekara. Ku san wane kwamiti asambili man ɗinku yake, in ba ya cikin na ayyuka ya nemi aboki a can. Ƙuri'arsa ɗaya ce tak, dan haka dabara ita ce a haɗa kai da yankunan maƙwabta, gotar da ta ratsa yanki uku tana da baki uku a majalisa. Doka kuma ta ɗora masa ya gana da mutanensa kafin kowane zama ya dawo ya ba da rahoto, ba alfarma yake muku ba. Amma ku ma ku daina auna shi da kuɗin suna da na asibiti, ba shi da asusun gina gota a gidansa.

Sai zaman jin ra'ayin jama'a. Dokar tsare-tsare ta 1994, lamba 480, ta wajabta a yi shi kan daftarin tsarin, kuma a liƙa rahoton zaman a jikin tsarin kafin a tura wa majalisar yanki da NDPC. Yawanci a ranar aiki ake yi da safe, lokacin kowa yana kasuwa ko gareji, sai ka ga ɗakin ma'aikata ne da sarakuna kaɗan. Ku tura mutum goma, ku zaɓi biyu masu magana, namiji da mace, minti biyu biyu, ba wa'azi ba tarihin zuwan kakanni. In Turanci ko Tuwi zai ba da wahala a nemi tafinta. Tambayar da za ku yi ita ce aikinmu yana shafi na nawa, wace shekara, wane aljihu? In aka ce "mun lura da shi", ba amsa ba ce. Kuma in kun ga an rubuta kuɗin zai fito daga "masu tallafi" ba tare da sunan kowa ba, ku san fata ce kawai aka rubuta.

In kuma an riga an rufe tsarin shekara huɗun ba ku ciki, ba a rufe ƙofa duka ba, duk shekara ana sake zama kan tsarin aikin shekara, ana kuma duba bajet a tsakiyar shekara. Ya fi wuya dai, sai da hujja mai ƙarfi.

Bayan an ba da kwangila

Dokar sayayya ta 2003, lamba 663, wadda aka gyara a 2016, ita ke tafiyar da wannan. Ana tallata aiki, kwamitin tenda ya zaɓa. Ku ba ruwanku da wa ya ci, kuma dan Allah kar shugabannin unguwa su shiga neman a ba ɗan uwansu, ranar da aikin ya lalace bakinsu ya mutu. Naku shi ne ku halarci ranar miƙa fili ga ɗan kwangila, ku tambayi tsawo da faɗi da zurfin aikin, wata nawa zai ɗauka, nawa ne kuɗin, a kafa allon da ke nuna haka. Ku kafa kwamitin sa ido na mutum uku zuwa biyar, a sa birkila ko kafinta ko mai ɗaurin rodi a ciki, muna da su birjik a zango, su ne za su gane in an rage siminti ko an sa siririn rodi. In sun ga matsala kar su yi faɗa da lebura, su ɗauki hoto su rubuta wa injiniyan asambili, saboda shi ne ke sa hannu a satifiket kafin a biya ɗan kwangila kowane mataki na aikin. In ba a kula ba akwai kwamitin koke-koke da PM ke shugabanta.

In aiki ya tsaya, tambayar farko ita ce an biya ɗan kwangila satifiket ɗinsa na baya? Sau da yawa ba gudu ya yi ba, bashi yake bi. In haka ne matsin ku ya koma kan a sa ragowar kuɗin a bajet na badi kafin a fara wani sabo. Asambili tana rubuta rahoton ci gaban ayyuka duk wata uku da na shekara, ku nema ku ga kashi nawa aka ce aikinku ya kai, ku gwada da abun da idonku ya gani, dan akan rubuta kashi 80 alhali ko rufi ba a yi ba.

Bayan an gama kuma akwai wani kaso na kuɗin ɗan kwangila da ake riƙewa na wasu watanni, in tsaga ta fito ko rufi ya yi yoyo a cikin lokacin shi zai gyara da kuɗinsa. Ku tambayi injiniya ranar da wa'adin zai cika ku rubuta ta, sati biyu kafin ranar kwamitinku ya zagaya aikin kaf, ya rubuta duk abun da ya gani da hotuna, ya kai rajistiri a buga hatimi kafin a saki ragowar kuɗin.